"Disorder": ciwo ce ko tarzoma?

Nafisa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau na sha kunya, ku taimake ni. Wani rahoto aka ba ni in mayar da shi Hausa, a ciki akwai wannan jimla: "Police were called to deal with disorder outside the hospital." Da idona ya faɗa kan asibiti, ga kuma disorder, ban yi wata-wata ba na rubuta cewa an kira 'yan sanda saboda wata cuta da ta ɓulla a asibitin. Mai duba aikin ya dawo mini da takardar, ya ja jan layi, ya rubuta a gefe: "Yaushe 'yan sanda suka fara allura?" Ashe yamutsi ake nufi. Ni tun da nake, a bakin likitoci na san kalmar nan, irin su bipolar disorder da eating disorder. Ta yaya kalma guda za ta zama ciwo kuma ta zama tarzoma? Kuma yaya ake gane wacce ake nufi?

Ɗanjuma: Wallahi mai duba aikin nan ya iya tsiya. Amma ai da gaskiyarki ta wani gefen, barkonon tsohuwa ma magani ne, yana warkar da taro nan take.

Nafisa: Yaya Ɗanjuma don Allah bar ni in ji da abin da ya dame ni.

Malam Garba: Wa alaikumus salam. 'Yata, kwantar da hankalinki, na ga waɗanda suka girme ki a aikin sun faɗa ramin nan. Amsar tana cikin jimlar da kika kawo. Duba da kyau, akwai "a" kafin disorder? Babu. Idan ciwo ake nufi, kalmar ƙirguwa take yi, sai ki ji a disorder, ko this disorder, ko disorders. Za a ce "She has a blood disorder." Idan kuwa hargitsin jama'a ne, yawanci tsirara take zuwa, kamar ruwa ko yashi da ba a ƙirga su: public disorder, scenes of disorder, to prevent disorder. Akwai ma'ana ta uku da ta girmi duka biyun, wato rashin tsari kawai. Ɗaki da aka watsa kaya ko'ina, sai a ce yana "in disorder". Sojojin da aka fatattaka suka gudu kowa ya kama gabansa, su ma haka ake faɗa.

Na biyu, dubi maƙwabtanta. In kin ga sunan wata gaɓa ko wani aikin jiki a gabanta, kamar blood, sleep, skin, eating, mental, genetic, to asibiti za a nufa. In kin ga public, civil, violent, crowd, to ofishin 'yan sanda. Aikatau ma yana tona asiri. Ciwo ana diagnose ɗinsa, ana treat ɗinsa, mutum yana suffer from shi. Tarzoma kuwa ana quell ɗinta, ana incite ɗinta. Kalmar asibiti ce ta yaudare ki, ita kuwa wuri kawai take nunawa.

Barista Sani: Malam, Allah ya ƙara basira, amma ina da ja kan ƙa'idar farko. A shekarar 1967, bayan tarzomar da aka yi a Newark da Detroit, shugaban Amurka Lyndon Johnson ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin gwamnan Illinois, Otto Kerner. Sunan kwamitin National Advisory Commission on Civil Disorders. Ga "s" nan ɓaro-ɓaro a ƙarshe, kuma ba kwamitin likitoci ba ne.

Malam Garba: Barista, "yawanci" na ce, koma ka duba. Idan ana lissafa aukuwa daban-daban, wannan gari ya yi tasa, wancan ya yi tasa, jam'i yana shigowa, kamar yadda mu ma muke cewa tashe-tashen hankula. Amma na karɓi gyaran. Shi ya sa na kawo ma'auni na biyu: civil da ke gaba ta riga ta raba gardama.

Barista Sani: Na sallama, ranka ya daɗe. Sai dai in ƙara wa ƙanwata wani abu, don watarana za ta ci karo da shi a labaran kotu. A Ingila da Wales, violent disorder sunan laifi ne takamaimai a dokar Public Order Act ta 1986, ba kwalliyar magana ba ce. Dokar ta jera su hawa-hawa. Riot sai mutum 12 ko fiye, masu manufa ɗaya, hukuncinsa yana kaiwa shekara 10. Violent disorder mutum 3 ko fiye ne suka yi amfani da ƙarfi ko suka yi barazanar yi, har mai matsakaicin ƙarfin zuciya zai ji tsoro, wannan iyakarsa shekara 5. Ƙasa da su akwai affray, wato faɗa ko barazanar da za ta tsorata wanda ke wurin. Bayan hargitsin da ya biyo kisan yara a garin Southport na Ingila a 2024, mutane da yawa da violent disorder aka tuhume su. To in kika mayar da riot "tarzoma", kika sake mayar da violent disorder "tarzoma", kin haɗe laifi biyu da doka ta raba. Ni da zan ce tarzoma ga na farko, "tayar da yamutsi da ƙarfin tsiya" ko makamancin haka ga na biyu.

Nafisa: Ikon Allah. Wato ko a ɓangaren rikicin ma ba kalma ɗaya ce za ta ɗauke ta ba.

Dakta Hadiza: Ɓangarenmu ya fi naku tsauri, Barista. Nafisa, ko da a ce ciwon ake nufi, "cuta" da kika rubuta ba ko yaushe take dacewa ba. Ba za ki taɓa jin likita ya kira zazzaɓin cizon sauro ko kwalara ko tarin fuka disorder ba. Waɗannan disease ne, ko infection, akwai ƙwayar da ta shigo daga waje, ana iya ganinta a gwaji. Disorder mun fi faɗinta idan wani aikin jiki ko na ƙwaƙwalwa ya kauce wa yadda ya saba tafiya: barci ya ƙi daidaita, jini ya ƙi daskarewa idan an ji rauni, yanayin zuciya yana hawa da sauka fiye da kima. Sau da yawa babu ƙwayar da za a nuna a ce ga ta. Iyakar ba a shata take da alƙalami ba, sikila ma za ki ji ana ce mata sickle cell disease, wasu kuma sickle cell disorder, duk ana fahimta.

A fannin ƙwaƙwalwa kuwa da gangan aka zaɓe ta. Babban kundin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka take fitarwa tun 1952, wanda ake kira DSM, cikakken sunansa da Mental Disorders yake ƙarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a jagorar da ta fitar a 1992 kan wannan fanni, ta faɗa da bakinta cewa kalmar ba ta da tsayayyar iyaka, an ɗauke ta ne don a kauce wa matsalolin da suka fi girma da ke tattare da disease da illness. Ni a wurin aiki "larura" nake cewa. Larurar barci, larurar jini, larurar ƙwaƙwalwa. In na ce wa mutum yana da cuta, tambayar da ke biyowa ita ce ko ana ɗauka.

Maman Iman: Dakta, Allah ya saka miki da alheri da wannan magana ta ƙarshe. Ni ba tafinta ba ce, karatu kawai nake yi a nan, amma yau sai na yi magana. Ɗana yana da autism, larurar nan da ke shafar yadda yaro yake magana da mu'amala da mutane. Ranar da aka ba mu takardar sakamako, autism spectrum disorder aka rubuta. Na buɗe ƙamus a waya, abin da na fara gani shi ne hargitsi da rashin tsari da tarzoma. Na zauna na yi kuka mai isata. Yaron da yake jera takalmansa a layi, wanda in ka gusar da cokali ɗaya daga inda ya ajiye sai ya mayar da shi, shi ne mara tsari? Duk gidan babu wanda ya kai shi tsari. Wata 'yar uwa kuma da ta ji an ce cuta, sai ta daina kawo 'ya'yanta.

Dakta Hadiza: Allah sarki, Maman Iman. Allah ya raya mana shi, ya sa albarka. Ba ke kaɗai kalmar ta yi wa nauyi ba. A Birtaniya ma'aikata da yawa sun koma cewa condition idan ana maganar autism, saboda irin abin da kika faɗa. Haka PTSD, wato larurar da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wadda ta shiga kundin DSM a 1980: akwai manyan sojojin Amurka da suka nemi a cire D ɗin ƙarshe, wato disorder, ko a mayar da ita injury, wato rauni, don a cewarsu soja ya fi yarda ya nemi magani idan aka ce rauni ya ji. Ba a canza sunan a kundin ba, amma muhawarar tana nan.

Ɗanjuma: Yauwa, yanzu aka zo wurin. Na bar wasa. Ni a ganina kalmar nan ba ta tsakiya ba ce, ta masu iko ce. Kafin ka ce abu ya fita daga tsari, sai an tambaya wa ya shimfiɗa tsarin. Mutane sun fito suna kukan an zalunce su, mai mulki ya leƙo ta taga ya ce disorder. Su a bakinsu protest suke yi, ko uprising. Mu ma haka ne: wanda ya ce zanga-zanga da wanda ya ce tarzoma da wanda ya ce bore, wuri ɗaya suka tsaya suka kalli abu ɗaya, amma kowa ya nuna inda ya karkata. Likitoci ma, Dakta ki yi haƙuri, ba su tsira ba. A 1851 wani likita a kudancin Amurka, Samuel Cartwright, ya rubuta cewa gudun da bayi suke yi daga iyayengijinsu ciwon ƙwaƙwalwa ne, har ya raɗa masa suna drapetomania. A Tarayyar Sobiyet kuma an kulle masu sukar gwamnati a asibitin mahaukata da sunan jinya. To ina bambancin ma'ana biyun? Duk wanda ya ƙi zama inda aka ajiye shi ne.

Dakta Hadiza: Ba zan musa tarihin ba, ya faru, kuma abin kunya ne. Batun Sobiyet ma sai da ya kai ƙungiyar likitocinsu ta fice daga ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta duniya a 1983, ana gab da korarta. Saboda irin wannan ne jagorar da na ambata ta gindaya sharaɗi cewa saɓa wa al'umma kaɗai, ko rikici da ita, ba ya zama larura sai in akwai abin da ya samu mutumin a karan kansa. Amma Ɗanjuma, kada ka wuce gona da iri. Wanda ya kwana 5 bai runtsa ba, ya rabar da duk abin da ya mallaka, yana jin shi ba mutum ba ne kamar kowa, ba gwamnati ce ta ƙirƙiro masa ciwo ba. Iyalinsa ne suke kawo shi suna kuka, in ya samu sauƙi kuma shi da kansa yake godiya.

Barista Sani: Haka wanda aka ƙona masa shago ba ya bukatar mai mulki ya gaya masa cewa an yi yamutsi.

Ɗanjuma: Ban ce babu ciwo ba, ban ce babu ɓarna ba. Cewa na yi mai fassara ya san kalmar wa yake ɗauka. In kakakin 'yan sanda ne ya ce disorder, a rubuta cewa shi ya faɗa. Kada Nafisa ta mayar da ita tata.

Malam Garba: Wannan kam gaskiya ce, kuma ƙa'idar aiki ce. Bari in koma kan tambayar farko, don har yanzu ba a amsa ta ba: me ya haɗa su? Kalmar gida biyu ce, dis da ke kore abu, da order, wadda asalinta ordo ne a Latin, wato layi ko sahu. Ta Faransanci ta bi ta shigo. A ƙarni na 16 Turawan Ingila suna amfani da ita kan rashin tsari da kuma hargitsin jama'a. Ma'anar ciwo daga baya ta zo, wajen farkon ƙarni na 18. Kin ga ke nan, 'yata, wadda kika ɗauka ita ce uwa, ita ce ƙanwa. Dalilin kuwa, likitancin wancan zamani yana kallon lafiya a matsayin daidaito. Jiki kamar gari ne, kowace gaɓa da aikinta, in ɗaya ta ƙetare iyaka sai gari ya rikice. Su kuma masu rubutu kan mulki suna kallon ƙasa kamar jiki, sarki ne kai, talakawa gaɓoɓi, har suna da lafazin body politic. Aron juna aka yi ta yi.

Akwai ma wata tsohuwar kalma da ta yi irin wannan tafiya, distemper. Da tana nufin rashin lafiya, tana kuma nufin rikicin siyasa. Yau in kin ji ta, to ciwon karnuka ake nufi, sai kuwa wani nau'in fenti.

Ustaz Kabiru: Malam ya taɓo inda nake jira. Wannan daidaito da kake faɗa shi ne abin da likitocin Musulunci irin su Ibn Sina suka gada daga Girkawa, su Galen, suka faɗaɗa. Ruwaye 4 ne a jiki: dam, wato jini, da balgam, wato majina, da safra'u da sauda'u, wato ruwan matsarmama rawaya da baƙi. Cakuɗuwarsu ita ce mizaji, in ɗaya ya rinjayi sauran sai ciwo ya sauka. Temper da ke cikin distemper ɗin nan ma ai cakuɗawa daidai gwargwado take nufi tun asali. Kuma abin da zai ba ku mamaki, Larabcin yau yana yin abin da Turanci yake yi, ba ragi ba ƙari. Iɗɗirabi ita ce kalmar da likitocin Larabawa suke sa wa larurar barci ko ta ƙwaƙwalwa, jam'inta kuma, iɗɗirabat, ita ce za ka ji a labarai idan gari ya yamutse. Tushenta daga bugu ne, abu yana bugun juna kamar igiyar ruwa.

Nafisa: Faransanci ma haka, yanzu na tuna. Trouble suke cewa, trouble bipolaire, kuma troubles idan ana rikici.

Barista Sani: Rikicin Ireland ta Arewa ma, wanda aka kawo ƙarshensa da yarjejeniyar 1998, the Troubles ake ce masa har yau. Kusan shekara 30 ana zubar da jini, sunan kuma kamar na ciwon ciki.

Maman Iman: Ni fa duk kun tafi nesa. Ku dawo gida mana. Da safe in na ce wa maƙwabciyata "lafiya?", jikinta nake tambaya ko gidanta ko garin? Rashin lafiya ciwo ne, rashin zaman lafiya rikici ne. Kalma ɗaya ce tsakani.

Malam Garba: Tabarkalla! Shekara da shekaru ina koyar da wannan, ban taɓa kawo misalin nan ba. Maman Iman, kin fi mu duka. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Jikin mara lafiya ya rikice, gari ya rikice. Tashin hankali: uwa da ɗanta bai dawo ba tana cikinsa, garin da ake ƙone-ƙone ma yana cikinsa. Annoba ta ɓarke, faɗa ya ɓarke, kamar yadda outbreak take hawa kan duka biyun a Turanci. Ita kanta cuta fa? "Ya kamu da cuta" daban, "wannan cuta ce, an cuce ni" daban.

Ustaz Kabiru: Lafiyar ma daga al-afiya take, kuma a addu'a in an roƙe ta, ana nufin kuɓuta daga ciwo da fitina gaba ɗaya.

Ɗanjuma: To shi ke nan, a fassara disorder da "rikicewa" ko'ina a huta. Rikicewar barci, rikicewar gari.

Dakta Hadiza: A'a, kar ka jawo mana. Rikicewar barci za ta wuce. Amma ka ce wa mutum yana da rikicewar ƙwaƙwalwa, ai ka zage shi. Rikicewar jini kuma wani zai ɗauka hawan jini kake nufi. Larura ta fi mutunci, ko matsala in abin mai sauƙi ne.

Barista Sani: Kuma "drunk and disorderly" fa, laifin wanda ya bugu yana damun mutane a titi? Ka ce ya bugu ya rikice? Wannan ya bugu yana tayar da hankalin jama'a ne. Kowane wuri da tasa.

Ɗanjuma: Kun taru a kaina, na janye. Amma maganar ɗazu ban janye ta ba.

Nafisa: Ba wanda ya ce ka janye ta, Yaya, na ma koma na duba, kakakin 'yan sandan ne ya faɗa, zan jingina masa. Ga yadda na gyara: "Kakakin ya ce an kira 'yan sanda don su kwantar da wani yamutsi da ya tashi a wajen asibitin." Na guji tarzoma saboda rahoton bai ce an yi ƙone-ƙone ko fashe-fashe ba, kuma bai faɗi yawan mutanen ba. Baba Malam, ya yi?

Malam Garba: Yamutsi ya zauna daram. Saura abu ɗaya. "A wajen asibitin" da kika rubuta, waje kike nufi kishiyar ciki, ko wajen da ke nufin kusa da wurin? Mai karatu zai iya ɗaukar kowanne, wani ma ya zaci a harabar aka yi. Outside aka ce, to ki sa "a ƙofar asibitin" in rahoton ya nuna haka, in bai nuna ba ki ce "daga wajen asibitin".

Nafisa: Innalillahi, wato Hausar ma sai da ta kama ni. Na sa "daga wajen". Bari in tura masa kafin ya tashi daga aiki.